Yadda Kyaftin Shandu Ya Zaɓi Jirgi

"Ni da teku ai uwa ɗaya uba ɗaya muke!" in ji Velaphi Shandu, mijin yayata, yana dukan ƙirji har gilashin idonsa na zamowa kan hanci. "Shekara ashirin da shida na yi a tashar jiragen ruwan Durban. Jirgi ya yi ƙaho daga nesa, sai in faɗa maka ƙasarsa, da nauyinsa, da abin da kukunsa ya ɗora a wuta."

Aboki, matso in raɗa maka. Shekarun nan ashirin da shida a bakin ƙofa ya yi su, yana ɗaga ƙarfe mota ta shiga, ya sauke, ya sake ɗagawa ta fita. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne bahon wankansa. Amma duk unguwarmu ta Umlazi Kyaftin ake ce masa, shi kuwa har gobe bai gane tsiya ake yi masa ba. Har hula ya saya mai tambarin anga, ƙugiyar nan ta tsayar da jirgi.

Yayata MaZungu ma'aikaciyar jinya ce. Aurensu ya cika shekara talatin, ga shi da ƙyar da roƙo ta samu hutun mako guda a asibiti, abin da ta yi shekara huɗu ba ta gani ba. Burinta ɗaya ne: ta hau jirgin shaƙatawa, ta miƙe ƙafa, wani ya kawo mata abinci ita ma. Matan cocinsu sun riga sun yi rajista da kamfanin Kifin Zinariya, kwana huɗu zuwa wani tsibiri a gaɓar Mozambik. Ta kawo takardar ta ajiye masa kusa da shayi.

"Baban Zodwa, mu bi su kawai."

Kyaftin ya ɗaga takardar da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Mu bi mata? Ni? MaZungu, akwai wani kamfanin, Sarauniyar Iska. Ba a zaɓen jirgi kamar ana zaɓen kabeji. Sai masani ya duba. Ki gode Allah kina aure da masani."

"Ina godewa kullum," in ji ta, ta ɗauke kofin tun bai gama sha ba.

Da yake ni ke da motar haya, ni aka ɗora wa kai masani bakin teku ran Asabar. Ya aro madubin hangen nesa, ya tsaya kan dutse, ya buɗe ƙafafu, ciki a gaba kamar an cusa masa kankana a riga.

"Zungu, zo ka sha kallo. Ka ga wancan mai hawa-hawa? Ita ce Sarauniyar Iska. Dubi tagogi ko'ina, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Dubi fasinjoji, kowa cikin fararen kaya. Manyan mutane ke nan!"

"Sibali," na ce, don haka muke kiran mijin 'yar'uwa ko ɗan'uwan mata, "manyan mutanen nan kamar da ƙafa huɗu suke tsaye."

"Rawa suke yi, jahili."

Sai iska ta juyo. Wani wari ya doke mu, irin wanda ke sa ido hawaye. Daga can cikin jirgin muka ji manyan mutane sun haɗa baki: "Meeee!"

Wani tsoho mai kamun kifi a gefe ya ce, "Baba, tumaki ne. Ƙasar Larabawa za a kai su."

Kyaftin ya sauke madubi a hankali, ya gyara hula. "Na sani. Gwada ku nake yi."

Ran Litinin ya ce zai nuna mini yadda ake wasa da kamfanoni. Ya kira lambar da ke kan takardar Kifin Zinariya, ya buɗe murya kowa ya ji.

"'Yata, Kyaftin Shandu ne. Sarauniyar Iska sun yi mini alkawarin ɗaki mai baranda, da cin abinci teburi ɗaya da matuƙin jirgi, duk kyauta. Ku me za ku yi mini?"

Matar ta ce a ladabce ba su da irin wannan. Ya kashe, ya kanne mini ido, ya kira lambar da ke kan takardar Sarauniyar Iska. Wannan karon har da toshe hanci, wai kada a gane shi.

"Ina magana da Sarauniyar Iska? Kifin Zinariya sun yi mini alkawarin ɗaki mai baranda..."

"Baba Shandu," in ji muryar, "ni ce dai. Ofishinmu ɗaya ne, mu ke sayar wa kamfanonin biyu tikiti. Waya ce kawai biyu a kan teburina. Mura ta kama ka ne daga ɗazu zuwa yanzu?"

Na fita waje da gudu, na rungume tayar motata ina dariya har da shaƙuwa.

Daga nan ya yi fushi da dillalai kaf. Ya ce 'yan ci-da-gumin-wani ne, shi da kansa zai yi rajista ta wayarsa. Ya zaɓi Sarauniyar Iska. Dalili? Matuƙin da ke hoton tallarsu yana da gemu. Na Kifin Zinariya kuwa haɓarsa sumul, wai irin wannan ko kwalekwale ba zai ba shi ba.

"Ka karanta komai da komai?" in ji MaZungu.

"Na karanta."

"Har ƙananan rubutun ƙasa?"

"Mace, ƙananan rubutu na ƙananan mutane ne."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da gugar kayanta.

Ranar tafiya, wadda ta zo daidai da ta matan coci, Kyaftin ya gayyaci rabin layinmu rakiya. Motata ta cika maƙil, har da masu zama kan cinya. Ya sha fararen kaya tun daga wuya har takalmi, sai ka ce buhun garin masara ya samu ƙafafu. Muna isa ya ɗaga wa tsofaffin abokan aikinsa na bakin ƙofa hannu da yatsu biyu, irin na manya. Ya taka zuwa teburin karɓar fasinja, ya ajiye wayarsa.

"Kyaftin Shandu da iyali. Sarauniyar Iska."

Ma'aikaciyar ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, tikitinka lafiya lau. Yau ne, ƙarfe huɗu."

Ya waiwayo ya kalli 'yan rakiya, ya ɗaga gira.

"Amma daga Cape Town take tashi."

"Daga ina?"

"Cape Town, Baba. Ga shi nan a rubuce a ƙasa. Wannan zangon ba ta zuwa Durban sam."

Ƙarfe biyu da rabi ake ciki. Ko tsuntsu ne shi ba zai kai ba. Wata maƙwabciya ta ci gaba da tauna gyaɗarta.

"To... to ku kira matuƙin ya biyo ta nan! Ku ce Shandu ne!"

Na kalli yayata, don na san abin da makon nan yake a wurinta. Ko gezau ba ta yi ba. Ta buɗe jaka, ta zaro wata takarda ta miƙa.

"'Yata, duba mini wannan. Kifin Zinariya, ɗakin matan coci."

"MaZungu!" in ji Kyaftin. "Ashe kin sa sunanki a ɓoye?"

"Baban Zodwa, shekara talatin nake aure da masani. Na san abin da nake yi."

"To ni fa?"

"Ɗakin mata ne. Akwai wake a firiji, ka ɗumama."

Ta ja akwatinta, matan coci suka tarbe ta da guɗa, suka shige.

Wani zai tattara sauran mutuncinsa ya koma gida. Ban da Kyaftin. Ya hango wani ƙaramin jirgi mai zagaya da 'yan yawon buɗe ido cikin tasha na rabin awa, ya juyo wurin jama'a.

"Dama haka na tsara! Manyan jiragen nan otal ne kawai, na masu tsoron ruwa. Ɗan teku na gaske ƙaramin jirgi yake hawa. Zan raka ta har bakin mashiga, in ba matuƙinsu hannu ya san hanya. Zungu, biyo ni ka koyi abu."

Muka shiga. Ya wuce can gaba ya tsaya, hannu ɗaya a ƙugu, 'yan unguwa da masu gadin ƙofa sun yi layi a bakin gaɓa suna kallo. Injin ya tashi. Jirgin ya ɗan yi lilo hagu, ya yi dama.

Fuskar Kyaftin ta koma kalar ganyen kabeji. Hannun ƙugu ya koma ciki. Ya durƙusa, ya rungume ƙarfen gefe, ya mayar wa teku da karin kumallonsa, da na jiya, da wani abu da nake zaton tun na bikin Kirsimeti ne. Hula ta faɗa ruwa ta kama hanyar Mozambik ita kaɗai.

"Zungu, ƙanena," ya ce da ƙyar, "na mutu. Ka ce wa yayarka na yafe mata." Ya cafko ƙafar wandon mai jirgin. "Bawan Allah, guguwar nan ta fi ƙarfinmu! Juya! Don girman Allah ka mai da mu tudu!"

Mai jirgin ya dube shi, ya dubi jama'ar da ke tsaye taku uku daga inda muke, ya sosa ƙeya.

"Baba, in juya ina? Ai ko igiyar ba mu kwance ba tukuna."