Yadda Za Ka Ci Gaba da Zama Masanin Lissafi Bayan Mai Lissafin Ta Rasu

Ranar Talata, cikin daminar 1991, matata Mariyamu ta rasu, kuma tun daga ranar ban warware lissafi ko ɗaya ba. Kafin ranar ma ban taɓa ba. Shekara goma sha huɗu magidantan unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana suna kawo min littattafan 'ya'yansu zaure, in shiga cikin gida da sunan nazari, ita ta yi aikin, ni in kwafe da jan biro in fito ina gyaran hula. Malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata kafin in aure ta in ce ta huta. Ni tarihi da nahawu na karanta.

Idan kai ma an jarabce ka da irin wannan suna, bi matakan nan. Na yi maka alkawari ba wanda zai gano ka, aƙalla cikin maza.

Mataki na 1: Ci moriyar zaman makoki

Ba mai kawo wa wanda aka yi wa rasuwa lissafin aljabara. Bayan sadakar arba'in, duk wanda ya zo da littafi, dubi ƙasa ka ce, "Kai bai zauna ba tukuna." Ni wannan ya kai ni wata biyar.

Mataki na 2: Tuhumi tambayar

Za a kawo maka irin lissafin nan da ake saƙawa cikin labari: manomi yana da awaki da kaji, kawuna talatin, ƙafafu tamanin da huɗu, awaki nawa ne? Kada ka taɓa biro. Tambayi wane irin manomi ne yake ƙirga ƙafafu ya bar dabbobi. Tambayi ko akwai gurguwa a cikin awakin. Mai hankali ba ya amsa tambayar da mahaukaci ya tsara.

Mataki na 3: Gudu zuwa tarihi

Gaya musu aljabara kalmar Larabci ce, asalinta ɗorin karaya. Daga nan ka wuce Bagadaza, ka ratsa Andalus, kada ka tsaya sai an kira La'asar. Ba a taɓa jin wanda ya dawo daga masallaci yana tambayar x ba.

Mataki na 4: San ranar da ruwa zai ƙare wa ɗan kada

Tawa ranar ta zo da maƙwabcina Alhaji Adamu. 'Yarsa Umma tana jami'a. Ta faɗi jarrabawar lissafi sau ɗaya, in ta sake faɗuwa ranar Alhamis ta sama, sallamar ta za a yi. Ya buɗe littafinta a kan tabarma: dy a sama, dx a ƙasa.

"Malam, yarinyar nan ko tuwo ba ta ci. Na ce mata ki kwantar da hankalinki, muna da Malam."

"Alhaji, ai wannan ƙaramin abu ne."

"Haka na faɗa mata! Ni da nake kallonsa kamar sawun kaza."

A nan ka yi dariya tare da shi. Dariya ba ta bukatar hujja.

Mataki na 5: Sayar da rabin da ka tsinta

Kowane miji yana da rabin ilimin da ya ji daga bakin matarsa yana neman takalminsa. Nawa ke nan: a raba su, duk mai y ya koma gefe guda, duk mai x ya koma ɗaya gefen. Faɗe shi a hankali, kana daidaita tabarau. Idan aka ce, "Sai kuma me?" ka ce sauran sai an natsu. Daga nan akan ja wata doguwar alama mai kama da ƙugiya, a ƙarshe wani C ya faɗo ban san daga ina ba. A daidai wurin nake komawa zaure, saboda baƙi na jira.

Mataki na 6: Riƙe littafin

Riƙe shi kwana shida. Canja hanyar masallaci. In ta kama, zaga ta Ƙofar Galadima, likitoci ma sun ce tafiya tana da amfani. Za ka buɗe littafin kullum, kuma kullum zai dube ka yadda alƙali ke duban mai shaidar zur.

Mataki na 7: Idan an kama ka, ce kyauta ka yi

Ranar Litinin Alhaji Adamu ya tare ni a bakin ƙofa, yana murza carbi, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Malam, Umma ce ta aiko ni. Wai ko marigayiya ta bar littattafan da take yin aikin a ciki?"

"Wane aiki?"

"Oho, ni ɗan aike ne. Uwarta ma ta ce duk matan unguwa sun san akwatin. Kore ne, wai."

Kore ne. Na ɗauko shi da kaina, na kai har ƙofar gidansu, na ce ai dama na yi niyyar ba ta. Umma ta leƙo ta karɓa, ta buɗe na sama a tsaye, ta bi layi da yatsa, ta ce, "Au, ashe haka ne." Ba ta ko kai ƙarshen shafin ba.

Hattara

Ba ruwan marubucin nan da sunan da ya zube, ko ɗalibin da ya faɗi, ko manomin da har yau bai san yawan awakinsa ba. Kada a kawo ƙara zaurena, kada kuma a kawo littafi. In taka mai lissafin tana raye, ba da kai nake ba. Tawa takan matsa gefen tabarma ta ce in zauna in gani, ni kuwa na karanta littattafai da yawa, bakina ya yi nauyi. Kalmomin ba su da wuya, yanzu har ni kaɗai nakan faɗe su: Mariyamu, sake yi a hankali, ban gane ba.