Rasuwar Baƙar Tamfol ta Tafkin Kamilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kamilu mai albasa na bakin hanyar Gider nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Baƙar Tamfol, wadda ta kwanta a gindin tafkin gonata shekara uku da wata biyar tana riƙe mini ruwa. Ta cika jiya Talata da hantsi, ana tsakiyar rani.

Masu proje, wato aikin tallafa wa manoma, da suka kawo ta daga Garwa suna kiranta da wani dogon suna na Faransanci, jeyo-wani-abu. Ni ban yi nisa a lekol, makarantar boko, ba. Tamfol na sa mata, kuma ba ta taɓa ƙin sunan ba.

Wanda ya san gonar nan kafin zuwanta ya san abin da na rasa. Ruwan damina a guje yake zuwa, ya kwashe ƙasa ya zuba a mayo, wato rafi, ya bar mana tsakuwa da kwazazzabo. Ka haƙa rami ya cika da safe, kafin la'asar rairayi ya shanye. Marigayiya ce ta hana wannan. Ruwan Satumba take riƙewa har ƙarshen Maris. A sanadinta na cire albasa rani uku, darbejiya goma sha biyu da na dasa a bakin kwazazzabo suka kama, ƙasata ta daina gudu. Ba ta shan mai, ba ta san ƙofar makanike ba. Ba ta da surutu. In ruwan farko ya sauka a kanta, taf-taf-taf. In rana ta gasa gefenta, ƙas, ƙas. Iyakar maganarta ke nan.

Su biyu aka sauke daga mota ɗaya, daga naɗi ɗaya aka yanko su. Ɗaya tawa, ɗaya ta maƙwabcina Sylvain, mutumin dutse, wanda a gabana ya sauko garin nan da fartanya ɗaya. Ina so a san cewa tawa ta fi tasa faɗi da taku biyu. Na auna. Tasa tana nan da ranta, ruwa har wuya, har kifi ya zuba a ciki. Ba hassada nake yi ba, faɗa dai nake yi. Daga bakin ramina ana hango nasa yana ƙyalli, kuma ba inda mutum zai tsaya bai gani ba. Na gwada.

Game da ciwon ajalinta, gara a ji daga bakina. Ranar rabo, Madam Berthe injiniyar proje ta ba kowa wani farin bargo mai kauri. Ta ce a shimfiɗa shi ƙarƙashin tamfol don kada tsakuwa ta huda ta, a kuma kewaye tafki da ƙaya saboda dabbobi. Sylvain ya bi maganar kamar a coci aka karanta masa. Ni na taɓa bargon na ji laushinsa, na ce ba mai hankalin da zai binne wannan a ƙasa alhali baƙina a tsohuwar tabarma suke zama. Na kai shi zaure. Shinge kuwa, tun kakanni ba a taɓa sa wa ruwa ƙaya a gidanmu ba.

Shekara uku ba abin da ya faru, ina ta yi wa Sylvain dariya. Sai surukina, mahaifin matata Sadiƙa, ya biyo da garkensa za shi Tuboro, rana tsaka, shanu na zaro harshe. Da wane baki zan ce masa ruwan nan na albasa ne? Shanu arba'in suka shiga har gwiwa. Kofato a sama, tsakuwa a ƙasa, ba bargo a tsakani. Fyat, na ji ta yi, sau ɗaya. Shi ma Sylvain yana shayar da shanun mutane, amma da bokiti yake ɗibar musu a kwami a bayan shinge. Wai Madam ce ta koyar da haka a taro. Wataƙila da Faransanci ta faɗa.

Ta yi jinya kwana tara. An yi mata faci da robar tayar babur, an sa gam, an narka kwalta. Kowace safiya ruwa ya ja baya da taƙi ɗaya, har jiya da na tarar da laka da kwaɗi.

Ta rasu ta bar fangalin albasa sittin da suka fara ɗaura kai, saura sati uku a cire. Da darbejiya goma sha biyu. Da injin ban ruwa, maraya. Da bargon zaure, lafiyarsa ƙalau. Da 'yar'uwarta ta gonar Sylvain, wadda ko ramar rashi ba ta yi ba.

Germaine matar Sylvain ta tare Sadiƙa a kasuwa ta ce mijinta ya ce tiyonsa na ban ruwa zai kai gonata daga tafkinsa, in na yi magana. In na yi magana. Albasa ba ta wuce kwana huɗu babu ruwa a wannan zafin rana. Yau na biyu.

Za a ciro gawa gobe Alhamis da safe. Ba za a binne ta ba, an ce ƙasa ba ta cin irinta. Za a yanka ta a rufe rumbu da akurkin kaji. Zaman makoki a zaurena ne, a kan bargon, kowa ya tuɓe takalmi. Kada wanda ya kawo mini labarin kifi. Surukina an yafe masa zuwa.

Sylvain ban gayyace shi ba, amma ba a korar mai ta'aziyya. In zai zo, ya biyo ta gona, ta fi kusa. In tiyon ya biyo shi a hannu, ba zan tambayi dalili ba. Yana jin Hausa amma ba ya karanta ta, saboda haka duk wanda zai karanta masa, ya fara daga inda aka ce za a ciro gawa. Na sama ba nasa ba ne.