Kifin Teku a Bagauda

Ni malamin gona ne mai kula da masunta. Sati biyu na yi a Kano ina koyon manhajar da ke lissafa yawan kifin da za a kama ba tare da an ƙarar da iri ba. Da na dawo Bagauda, gaisuwa ma da ƙyar nake amsawa.

Masunta suka taru a bakin ruwa hankali a tashe, domin karfasa ta yi ƙaranci. Na buɗe kwamfuta, na gyara hula, na yi musu albishir cewa ko jikokinsu ba za su iya kame kifin nan ba.

Sarkin Ruwa ya ce, "Malam, wane kifi ke nan?"

Na duba sunan kifin a kwamfuta, na ce, "Tuna."

"Mu tuna me?"

Ashe bayanan gwaji ne na kifin teku da suka zo da manhajar, namu ko shigarwa ban yi ba.

Dattijon ya zaunar da ni muka shigar da na gaskiya. Lissafin ya nuna ana kame 'ya'yan kifi, aka jingine raga mai ƙananan ido, karfasa ta fara dawowa.

Amma har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga tarwaɗa ya ce, "Yallaɓai, ta teku ce, yanzu aka sauke!"