Legas Ɗin da Ba Tamu Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a gaban Turawa goma sha takwas na koya musu yadda ake riƙe jaka a Oshodi ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin keke-napep nake, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in faro muku daga tushe. Ni ban shiga aji ina yaro ba. Daga gonar babanmu masaƙar Kakuri da ke Kaduna na wuce, da aka rufe ta kuma na koma gyaran keken ɗinki. Duk takardar da ta shigo gidanmu, matata Maman Rahila ce ke karanta mini. Sai da na haura hamsin na shiga ajin manya da cocinmu ke yi a Narayi, Talata da Alhamis da yamma. Malama Hannatu ta sha fama da ni. Wata huɗu na yi ina rigima da b da d, don a ganina mutum ɗaya ne, juya baya kawai yake yi. Amma ni mai haƙuri ne. Wanda ya iya zura zare a allurar keke da idon tsufa, harafi ba zai kore shi ba.

Abu ɗaya na roƙi matata: kada ta gaya wa Rahila. Rahila ita ce 'yarmu ta fari, nas ce a Ingila. Tun tana firamare ita ke karanta mini sakamakon jarrabawarta da bakinta (har yau ina zargin tana yi masa kwaskwarima kafin ya iso kunnena). So nake wata rana in ɗauki takarda a gabanta in karanta, ba wanda ya taimake ni, in ga yadda fuskarta za ta yi. Shekara biyu ina ajiye da wannan burin.

Sai ga dama ta zo da kanta. Da muka cika shekara talatin da aure, Rahila ta ce za ta kai mu yawon buɗe ido ƙasar Fotugal, irin na manya, wanda ake haɗa ku da jagora da mota da masauki, kai dai naka kallo da cin abinci. Ta sha wahalar takardunmu, muka tashi, muka same ta a can.

Jama'a, akwai duniya. A otal ɗin farko wani mutum mai kwat ya buɗe mini ƙofa, na gaishe shi hannu bibbiyu, na ɗauka mai otal ɗin ne. Motarmu kuwa doguwa ce mai sanyi, ba kwandasta, ba mai wa'azi, ba mai tallar maganin basir. Jagorarmu wata mata ce, Madam Teresa, tana tafe da 'yar lema a sama, mu kuma muna bin ta kamar 'yan tsaki. A Porto na ga tayil mai zanen shuɗi, irin wanda mu muke sawa a banɗaki, su kuma sun lulluɓe bangon coci da shi, ya kuma yi kyau ƙwarai. Aka kai mu kwarin Douro inda ake noman inabi. Duwatsu ne aka yanka hawa-hawa tun daga bakin kogi har sama, kowane hawa da kunyarsa. Ni ɗan manomi ne, na daɗe a tsaye ina tausaya wa bayan wanda ya yi wannan aikin. Aka shigar da mu rumbun giya mai manyan ganguna, aka ce a shinshina, a juya kofi, a kurɓa. Ni dattijon coci ne, ga Maman Rahila ta kafa mini ido, don haka bakin harshe kawai na tsoma. (Sau uku. Amma bakin harshe ne.)

Matsalata ɗaya abinci. Kifi da safe, kifi da rana, busasshen kifi mai gishiri da suke ji da shi kamar ɗan fari. Kwana biyar cikina bai ga tuwo ba. Ku riƙe wannan, don mai jin yunwar tuwo ba ya tunani daidai.

Tun ranar farko an ba kowane iyali takardar tsarin tafiya. Rahila ta miƙa wa uwarta, kamar yadda aka saba. Na ce, “Kawo in riƙe miki, jakarki ta cika.” Kowace safiya sai in shige banɗaki in rufe ƙofa, in sa yatsa ina bin layi. Na karanta Porto, muka je Porto. Na karanta Lisbon, sai ga mu a Lisbon. Kai, na ji daɗi! Takarda ta faɗa, mota ta bi. Na fara jin kamar ni nake tuƙa tafiyar.

Ranar da na kai layin ƙarshe sai yatsana ya tsaya. Rana ta takwas. L, A, G, O, S.

Wannan kalmar ba baƙuwata ba ce. Ita ce ta farko da na taɓa karantawa da kaina a kan titi, a goshin wata doguwar mota a tashar motar unguwar Television, har na tsaya ina murmushi wani mai babur ya zage ni. Na sake bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Legas ce, ba ko tantama. A ƙarƙashinta na gane kalmar bakin teku da ta jirgin ruwa, na ce to, ai Legas akwai teku. Kuma jiya-jiya Madam Teresa ta tsayar da mu a bakin ruwan Lisbon ta nuna da lemarta ta ce daga nan kakanninsu suke tashi zuwa Afirka, har ta kalle ni ta ce, “Har gaɓar ƙasarku.” Sai komai ya haɗu a kaina. Ashe abin da ake nufi da tafiyar manya ke nan: har gida za a raka mu a jirgi, Turawan su ga ƙasarmu, mu kuma mu wuce Kaduna. Rahila ta ɓoye mana ne don ta ba mu mamaki. Ba ta san uban nata ya iya karatu ba!

Gaskiya na ji Madam Teresa tana ta ambaton wani wuri wai shi “Lagush”. Na duba takarda ban ga mai irin wannan sunan ba, na ce wataƙila wani ƙauye ne da za mu tsaya shan ruwa.

Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. Amma wa zan tambaya? In na tambayi Rahila, asirina ya tonu a banza. In na tambayi matata, shekara talatin ina tambayarta, wannan karon so nake ni ma in san wani abu kafin ita. Sai na kira ƙanena Bulus da ke Agege, a Legas.

“Bulus, jibi muna Legas.”

“Yaya, ba kuna Turai ba?”

“Muna Turai. Da Turawan za mu zo. Mutum goma sha takwas, ban da direba.”

Ya ce, “Ka tabbata? Wa ya gaya maka?”

“Ba wanda ya gaya mini. A rubuce na gani.” Na faɗi wannan maganar da wata irin murya da ban taɓa sanin ina da ita ba.

“To me Turawa ke ci?”

“Kifi. Amma sun gaji da shi, ba su dai faɗa ba ne. Ka ce wa matarka Maman Dauda ta tuƙa tuwon acha, a yi miyar karkashi. A nemo akuya.”

Washegari aka kai mu cin abincin rana wata gonar inabi kusa da garin Evora. Dogon teburi a ƙarƙashin rumfa, farin ƙyalle, cokula huɗu-huɗu a gaban kowa. Da aka kusa gamawa Madam Teresa ta buga cokali a jikin kofi ta ce tun da tafiya ta zo ƙarshe, duk mai son cewa wani abu ya faɗa. Wata tsohuwa ta yabi kogi. Wani tsoho ɗan Kanada mai sanda ya yabi giya. Sai na ji ƙafafuna sun miƙe da ni.

Maman Rahila ta ja mini gefen riga. “Baban Rahila, ina za ka?”

Na zaro takardar daga aljihu, na warware ta a hankali yadda kowa zai gani, na sa tabarau. Da Turancina na Kakuri, wanda rabinsa buroka ne, na ce musu na gode da yadda aka karɓe mu a ƙasar nan, kuma gobe, kamar yadda yake a rubuce a nan (na ɗaga takardar, na nuna layin da yatsa), za mu shiga tawa ƙasar, don haka wajibi ne in ba su shawara.

Na ce na farko, kowa ya rataya jakarsa ta gaba, ya rungume ta kamar jariri. Na biyu, in muka shiga cunkoson motoci kada wanda ya fito da waya ta taga. Na uku, in wani ya ce maka ka zubar da kuɗi a ƙasa, kada ka duƙa. Na juya wajen tsohon ɗan Kanada na ce shi kada ya rabu da ni ko taku ɗaya, ni zan tsallakar da shi titi. Daga ƙarshe na ce kada kowa ya ci abinci a jirgi, don ƙanena ya yanka akuya.

Na tsaya ina jiran tafi. Ba wanda ya motsa. Wata mata ta jawo jakarta ta ɗora a cinya. Tsohon ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta ya tambayi Madam Teresa ko shi ma sai ya nemi biza.

Madam Teresa ta zo kusa da ni, ta leƙa inda yatsana yake. Na ga tana danne dariya. Cikin ladabi ta ce, “Ranka ya daɗe, wannan Lagush ce. Tamu ce. Tana kudu, awa uku a mota.”

Na ce, “Madam, L, A, G, O, S.”

Ta ce, “Haka ne. Haka muke rubuta ta. Ana ma cewa mutanenmu ne suka sa wa taku sunan.”

Ban san wanda ya fara dariya ba. Ina jin direba ne. Kafin ka ce kwabo teburin gaba ɗaya ya ɗauka, tsohon nan har yana buga sandarsa a ƙasa. Maman Rahila ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, tana cewa, “Wayyo Yesu, akuya! Har da akuya!” Ni kuwa ina tsaye da takarda a hannu, na rasa yadda ake zama. Da ƙasar Fotugal ta tsage a lokacin, da na shige ba tare da biza ba.

Rahila ta fi kowa dariya, har da hawaye. Ta kamo hannuna ta zaunar da ni tana cewa, “Baba, kai kam! Wa ya ce maka Legas za mu? Mama, ke kika karanta masa haka?”

Uwarta ta ce, “Ni? Rabona da takardar nan tun filin jirgi.”

Sai Rahila ta daina dariya. Ta kalli takardar, ta kalli tabarau ɗina, ta sake kallon takardar.

“Baba, wa ya karanta maka?”

Na ce, “Ba kowa.”

Ta karɓi takardar ta ɗora yatsa a wani layi can sama. “Wannan fa?”

Na bi shi a hankali. “Rana ta uku. Douro.”

“Wannan?”

“Abincin rana.”

Ta ɗauko takardar jerin abincin da ke kan teburi, ta ɗauko kwalbar ruwa, har katin ɗakin otal ta zaro daga jaka, tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa tana share ido. Shekara biyu ina tsara yadda wannan ranar za ta kasance. A tsarina ina zaune a falo ne da Littafi Mai Tsarki a hannu, cikin natsuwa da mutunci. Ban taɓa sa Turawa goma sha takwas suna riƙe da ciki a lissafin ba. Da Rahila ta gaya wa Turawan abin da ake ciki, sai ga tafin da na jira ɗazu ya iso, a makare kamar jirgin ƙasa.

Saura Bulus. Na kira shi na yi bayani, na ce ashe Legas biyu ce. Ya ce, “Yaya, an riga an yanka. Na ari kujeru a coci. Maƙwabta sun san Turawa na zuwa.” Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, za su ci a madadinmu, amma don Allah nan gaba in na ga an rubuta Kaduna in tambaya tukuna kafin in sauka daga mota.

Washegari muka shiga Legas ɗin tasu. Ƙaramin gari ne fari tas a bakin teku, shiru kamar an yi wa kowa allura. Muna sauka tsohon ɗan Kanada ya rataya jakarsa ta gaba, ya rungume ta, ya zo ya kama hannuna ya ce in tsallakar da shi titi. Titin ko kare babu. Na tsallakar da shi. Me zan yi? Ni na yi alkawari.

Da na dawo na ba Malama Hannatu labari, ta yi dariya har ta zauna a kan benci, sannan ta ce in rubuta shi da hannuna, shi ne wannan. Ta duba ta ce ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba a can Fotugal, kuma gaskiyarta ne. Daidai na karanta. Abin da ban sani ba shi ne takarda suna kawai take faɗa maka, ba ta gaya maka ko mai sunan yana da takwara. Yanzu kam ina karatuna da kaina, ba mai riƙe mini takarda. Amma kafin in sa a yanka akuya, sai na tambayi matata.