Tayoyi Masu Haƙora

"Lafiya lau, sai gwiwa. Ke kuma wa ya ara miki kwanon sha kika hawo tudu a ciki?"

"Kwanon sha? Kaka, ai ƙanwar motarka ce. Kai ka zaɓar mini ita."

"Mota na zaɓar miki. Ban zaɓar miki waɗannan silifas ɗin da kika sa mata a ƙafa ba."

Haka Torvald ya tari jikarsa Ragna, ko ƙofar mota ba ta gama rufewa ba. Ni Eilif, da muke katanga ɗaya da shi tun muna da gashi a ka, ina zaune a bakin garejinsa, ya ba ni notuna in riƙe masa a hula. Ranar Alhamis ce a ƙarshen Oktoba. Duwatsun bayan garinmu Lom sun riga sun yi fari, rediyo kuma ya ce dusar ƙanƙara za ta sauko kwari kafin yamma. Torvald ya gangaro da tayoyinsa na hunturu, masu ƙusoshi, ya jingine su a bango zai ɗaura wa motarsa.

Kowa a layinmu ya san bai kamata ya ɗaura su ba. Idon Torvald ya tafi. Likita ya faɗa masa, 'yarsa Gunvor ta faɗa masa har da kuka, akwatin wasiƙuna ma ya faɗa masa a watan jiya, ran da ya kwashe shi da bamba. Amma matarsa Borghild tana gidan kula da tsofaffi a ƙetaren kogi, kuma duk Alhamis da Lahadi sai ya kai mata waina mai zafi da jan cuku. Bas ba ya hawowa tudunmu. Ni nake zama a gefensa a tafiyar nan, don ƙanwata ma tana can, kuma ba zan ɓoye muku ba, kafin mu kai gada nakan yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mini rai. Da Gunvor ta rasa yadda za ta yi, sai ta turo 'yarta Ragna ta karɓe makullin motar. Ragna ba ta daɗe da dawowa daga birnin Bergen ta kama koyarwa a makarantar garinmu ba, kuma duk dangin ita kaɗai ke gasa masa magana ya yi dariya maimakon ya fasa kofi.

Ta rungume shi, ta gaishe ni, sannan ta leƙa tayoyin da ke jikin bango.

"Au, waɗannan har yanzu suna nan? Na zaci an kai su gidan tarihi, ana jiran ka ka bi su."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana. Nawa sababbi ne fil, kuma ba ruwansu da rani ko hunturu. Ka ɗaura sau ɗaya ka manta da su. Mai sayarwar har rantsuwa ya yi mini."

"A ina ya rantse?"

"A Bergen."

"Ahaf! Bergen! Garin da sama ke yoyo shekara zagaye. Me mutumin Bergen ya sani game da ƙanƙara? In ƙwaya uku ta faɗo musu sai kowa ya shige ƙarƙashin gado. Taya ɗaya ta yi rani ta yi hunturu? Ai wannan jemage ce. Ta je wajen tsuntsaye a ce ga haƙori, ta je wajen ɓeraye a ce ga fiffike. Taura biyu ba ta taunuwa."

"Ga mai haƙori tana taunuwa. Kai ne dai naka ke kwana a kofi."

"Eilif, kana jin ta?"

Na ce, "Ni notuna aka ba ni riƙo, ba shari'a ba."

Torvald ya jawo taya ɗaya, ya shafa ƙusoshinta kamar mai shafa kan ɗa. "Taɓa nan ki ji. Wannan ake kira taya. In ta ciji ƙanƙara, ƙanƙarar ce ke neman gafara."

"Gaskiya ne, sun fi ka haƙori. Ran Kirsimeti su za mu zaunar a tebur su ci nama, kai kuma a dama maka kunu."

"Allah ya shirye ki. Halin uwarki kika kwaso."

"Ita kuma ta ce naka ta kwaso. To tsaya, in na sayi irin naka, ina zan ajiye huɗun da na cire? Ɗakin da nake haya in na miƙe ƙafa sai ta leƙa baranda."

"Ki kwantar da su a gado mana, tunda miji ya ƙi samuwa."

"Miji ya samu, kai ka kore shi! Bawan Allah ya zo gaishe ka, kafin ka tambayi sunansa ka tambaye shi nawa ne iskar tayarsa."

"Kuma bai sani ba! Namijin da bai san iskar tayarsa ba, da me zai riƙe iyali? Ni da kike gani, ran da za a haifi uwarki, a kan tafki na tsallaka da mota, ruwa ya daskare, kakarki na naƙuda a baya, garken kyarketai na bin mu."

"Bara da ka ba da labarin nan kyarkeci biyu ne."

"Suna haihuwa mana."

"Kuma Kakata ta ce a tsakiyar bazara aka haifi Mama, a asibiti, kai kuma ka suma a baranda sai da aka yayyafa maka ruwa."

"Kakarki ba ta cikin hayyacinta a ranar. Wa zai kama maganar mai naƙuda?"

Dariya ta ƙwace mini har noti ɗaya ya faɗi. Torvald ya harare ni, ko in ce ya harari wajen da yake zaton nake, sannan ya durƙusa da ƙyar a gindin motarsa.

"Wasa a gefe, ja'ira. Kin san kwanar gada? Tururin kogi yakan kwanta a kan kwalta ya daskare, baƙi ƙirin kamar kwaltar, ba mai ganinsa. Ki taka birki a wurin da silifas ɗin nan, sai dai a tsamo ki da ƙugiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Yana maganar yana laluben ƙasa da hannu. Sifanar taya yake nema, ga ta kuwa a gaban gwiwarsa, da jan mariƙinta. Ya laluba dama, ya laluba hagu. Ragna ta tsaya tana kallon hannun nan. Ta sunkuya ta ɗauko sifanar ta sa masa a tafi.

"Kaka, kai da ba ka hango akwatin wasiƙun Eilif ba."

Da sigar wasa ta faɗa, amma ba wanda ya yi dariya. Tausayinsa ya kama ni, wallahi na gwammace ya kwashe akwatin nan sau goma da in ga fuskarsa a yadda ta koma.

Ya ce, "Akwatin ne ya shigo hanya."

"Da ƙafa ya tako?"

"Eilif ne ya kafa shi a karkace."

Na ce, "Tun kafin a haife ta yake nan, bai taɓa tare kowa ba."

Torvald ya ajiye sifanar, ya ja jiki ya zauna a kan taya. "To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwarki ce ta turo ki."

"Ita ce."

"Makulli?"

"Makulli."

"Koma ki ce mata ba ki same ni ba."

"Zan ce mata na same ka, kai ne ba ka gan ni ba."

Ya so ya daure, amma dariya ta kufce masa ta hanci. "Kai, wannan yarinya ba ta da mutunci. Eilif, mu muka raine ta kuwa?" Ya goge ido da bayan hannu, sannan ya yi magana a hankali. "Kakarki ta manta sunan Gunvor. Ta manta naki. Ni kaina wata rana da sunan ƙanenta take kira na. Amma Alhamis ba ta ɓace mata ba. Tun safe take sa a zaunar da ita a bakin taga."

"Na sani, Kaka."

"To ya kike so in yi?"

Ragna, mai amsar kowace magana tun kafin a rufe baki, sai ta juya tana kallon waje. A daidai lokacin ne dusar farko ta fara sauka a kan bonet ɗin motarta, tana narkewa.

Torvald ya miƙa hannu waje, ya ji sanyinta a tafinsa. Ya dafa bango ya miƙe. "Eilif, miƙo jak."

Na ce a raina shi ke nan, yau ma sai na yafe wa mutane. Na miƙa masa. Ya ja jak ɗin yana ɗingishi, ya wuce motarsa, ya fita waje, ya tura shi a ƙarƙashin ta Ragna.

"Kaka! Wannan tawa ce, taka ga ta can a ciki. Ka gani ko? Abin da ake gaya maka ke nan!"

"Na san taki ce, uwar iyayi. Tun daga nan nake jin warin ruwan Bergen a jikinta."

"To me za ka yi mata?"

"Zan cire mata silifas in sa mata takalmi. Ƙafarsu ɗaya da tawa, ai ni na zaɓe ta."

"Kai fa? Da me za ka fita?"

"Tawa ta gaji. Za ta huta zuwa bazara."

Mu uku duk mun san ba wata bazara da za ta fito da motar nan. Ba a sauka tudunmu da hunturu sai da ƙusa, kuma ga ƙusoshin yana bayarwa da hannunsa.

"Makulli kuma yana nan a aljihuna," ya ƙara, yana bubbuga ƙirji. "Ki gaya wa uwarki ba wanda ya karɓe shi. Ba a haifi mai karɓarsa ba."

"Zan gaya mata na sha kaye." Ta share hanci da hannun riga, ta ɗauko sifanar daga inda ya ajiye ta. "Matsa, tsoho, kar gwiwarka ta karye a ce ni ce. Nawa da za a cire fa, ina za su?"

"A ba Eilif ya kewaye akwatin wasiƙunsa da su. Ko banza sun yi wani amfani a duniya."

Ita ta yi aikin, don shi ya koya mata tun tana 'yar mitsitsiya. Shi kuma ya tsaya a kanta, hannu a baya, yana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

"A gicciye ake ɗaure noti."

"Na sani."

"Wannan bai ɗauru ba."

"Ya aka yi ka gani?"

"Da kunne na ji. Kunnena bai je wajen likita ba."

Kafin ta gama ta ƙarshe tsakar gida ta yi fari. Torvald ya shiga ciki ya fito da wainar Borghild a naɗe cikin tawul, ya buɗe ƙofar gaba ta gefen fasinja kamar nan ya saba zama duk rayuwarsa. Na shige baya, na miƙe ƙafafuna, na ji wani sanyi a raina da na daɗe ban ji ba ranar Alhamis.

Ragna ta tada mota. Muka fara gangara, ƙusoshin na ƙaras-ƙaras a kan hanya. A kwanar farko ta taɓa birki, motar ta tsaya cak ba ko zamewa.

"To?" in ji Torvald.

"To me?"

"Ina jiran in ji."

Ta yi dariya, ta buga sitiyari. "Na yarda! Jemage ce! Mutumin Bergen ya cuce ni. Na gode da kyauta, Kaka."

"Wa ya ce miki kyauta ce? Gargaɗi dai zan yi miki. Tayoyin nan sun san hanya. Duk Alhamis da Lahadi wajen kakarki za su nufa, ko kina ciki ko ba kya ciki."

"To ai gara ina ciki."

"Gara dai." Ya gyara riƙon wainar a cinyarsa. "Rage gudu, ga gada nan."

"Kaka, ko cocin ba mu wuce ba."

"To ki rage tun yanzu. Kar ki zubar wa matata da waina."