Ijazar Mukhtaru daga Laidan

"Matar yaya, ki zama shaida: daga yau Makka ta yi mini kaɗan!"

Mukhtaru ke nan, ƙanin maigidana, rawani kamar kabewa, kai kuwa fayau. Wani Bature ne a Jidda ya ɗebi mutum uku zuwa Laidan, tsohon garin malaman Holanda, su ga makarantu. Biyu ɗalibai ne, Mukhtaru riƙon akwati aka ɗauke shi. Amma a unguwarmu Utaibiyya cewa ya yi Nasara ne suka aiko ya je ya gyara musu nahawu.

Abin da yake hari ba ɓoyayye ba ne. Idon Malam Ja'afaru ya mutu, ana neman wanda zai hau buzunsa ya karantar a zawiya. Ni da na tsinci karatu a allon 'ya'yana, na san gogan bai raba dal da zal ba. Na ci gaba da jan carbina.

Bayan wata huɗu ya dawo da tari da takarda mai hatimi.

"Gari ne, ya jama'a, titinsa ruwa! Shehunai bisa keke suna cire mini hula!"

"An ce ka faɗa ruwan," in ji Yunus mai shayi.

"Alwala na sauka yi."

"Da rawani da takalmi?"

"Uskut, rufe mini baki! Ga ijazata, sai a ba ni buzu!"

Bayan la'asar aka taru a zawiya, mu mata muna bayan labule. Takarda ta zaga hannu goma, ba mai karanta Holanci. Malam Ja'afaru ya ce a kira wani alhaji mutumin Jawa da ya sauka a layinmu, ya yi makarantar mutanen Holanda.

"Haba, ya shehi, a wahalar da baƙon Allah?" in ji Mukhtaru.

Baƙo ya gyara tabarau, ya fassara da Larabci: "An hana mai wannan takarda shiga ɗakin littattafai har abada, domin an nuna masa littafi mai shekara ɗari biyar, ya lashe layi uku."

Mukhtaru ya zabura. "To, sai me? Rubutu ba sha ake yi ba? Ku allo kuke wankewa, ni daga tushe na sha! Ilimin yana nan cikina!"

Malam Ja'afaru ya juya fuska wajen baƙo. "Wane littafi ya sha, alhaji? Tafsiri ko fiƙihu?"

Baƙo ya sake duba ƙasan takarda.

"Littafin maganin ƙazwar raƙuma."

Astagfirullah, har ni sai da na cusa mayafi a baki.

"Ma sha Allah," in ji Malam. "Buzu dai babu. Amma raƙumin maƙwabcinmu Dauda na can bayan gida yana susa, je ka lashe shi."