Yadda Na Kusa Ɗaure Baba Ango da Alƙalami

Da ana goge rana ɗaya daga rayuwar mutum, da na goge wata Talata a Kebbe. Ba zan taɓa mantawa da ita ba, har yau in ta faɗo mini sai na yi istigfari.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuwa ina ƙaramin malamin ofis a Tambuwal. Karatuna bai wuce elemantare ba (amma in ka ga yadda nake saƙale alƙalami a kunne, sai ka rantse daga Ingila na sauka). Aka kawo wani injin ban ruwa cikin akwati, an cusa tsofaffin jaridun Amurka a gefensa don kada ya bugu. Wasunsu sun girme ni. Na kwashe su, suka zama makarantata.

Abin da na lura, 'yan jaridar nan ba su cika rubuta cewa mutum ya ce kaza ba. Attajiri ya faɗi yana son kifi, sai su rubuta "admitted". Ɗan dambe ya faɗi shekarunsa, "admitted". Sai na yanke cewa haka ake rubuta maganar dattijai. Ban tambayi kowa ba, don kada a gane ban sani ba.

Ana nan sai rumbun irin auduga na Kebbe ya ƙone. Aka tura ni in ɗauki bayanin mai gadi, wani tsoho da ake kira Baba Ango.

"Ɗana," in ji shi, "daga masallaci nika dawowa nig ga hayaƙi. Ta bayan bukkata wuta tat taso, inda anka ƙone kara."

Na zuba Turanci, kowace jimla da kalmar tawa. Ƙa'idar aiki ita ce in karanta masa da Hausa kafin ya dangwala yatsa. Ban yi ba, don mutane na kallo, ina tsoron in yi tuntuɓe a gabansu.

"Ka rubuta yadda nic ce?"

"Har ma ya fi, Baba."

Bayan kwana uku dogarai suka kama shi. Ranar Talata Di'o, babban jami'in gwamnati na yankin, ya zo Kebbe, kuma ba Bature ba ne, ɗan Arewa ne da ya san Turancin ya san Hausar. Baba Ango na zaune a ƙasa da igiya a hannu, iyalinsa na tsaye a bayan taro. In takardata ta tabbata, gidan yarin Sakkwato za a wuce da shi.

"Baba," in ji Di'o, "takarda ta ce ka amsa laifi da bakinka."

"Ni, ranka shi daɗe? Ga wanda yar rubuta nan tsaye, shi hwaɗi."

Di'o ya miƙo mini takardar, ya ce in karanta in fassara. Da na iso kalmar na ce, "Wato ya ce."

"Malam, ina ka koyi wannan?"

"A jaridar Amurka, ranka ya daɗe."

"Su can don labari ya yi armashi suke watsa ta ko'ina. A takardar shari'a, mutum ya amsa abin da ake tuhumarsa ke nan. Har zuwansa masallaci ka rubuta ya amsa."

Ba wanda ya yi dariya. Na so a yi, da ya fi mini sauƙi.

Aka kwance Baba Ango. Ya tsaya a gabana yana murza wuyan hannunsa, ya ce a hankali, "Ɗana, ka ce ya fi. Lalle kuwa ya fi."

Ya juya ya tafi. Na bi shi gida na durƙusa, ya yafe, amma kwana huɗun da ya yi a ɗaure ba ni da yadda zan mayar masa.

Jaridun na kai wa mai tsire, can suka yi amfani. Tun ranar ko wasiƙar gaisuwa na rubuta wa mutum sai na karanta masa sau biyu, har ana ce mini mai naci. Don Allah, ku da kuke riƙe da alƙalami, kalmar da ba ku sani ba ku tambaya, kuma kada ku sa kowa ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji da kunnensa ba.